Kurman da Ya Gano Kukan Motata

Shekarun da na yi riƙe da sitiyari sun fi waɗanda na yi ban riƙe shi ba, kuma yawancin abin da na gani a hanya ya bi iska. Fuskokin fasinjoji sun ɓace mini, lambobin motocin da na tuƙa sun ɓace, har wasu iyayen gidana sai na yi dogon tunani kafin sunansu ya dawo. Amma akwai abu guda da ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zai iya tafiya da shi. Daminar da motata ta fara kuka ce, da mutumin da ya gano inda kukan yake fitowa.

A lokacin ina jigila tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, wani sa'in in leƙa Zurmi. Hanyoyinmu suna da lafiya a shekarun, mutum na iya fita da hantsi ba tare da ya bar wa iyalinsa wasiyya ba. Motar tsohuwa ce, doguwa, irin wadda ƙafafun baya ke turawa. Ta sha duniya kafin ta zo hannuna, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Ni kuwa a tasha an san ni da saurin hawa. Ka taɓa ni in ƙyale ka, ka taɓa motata mu kwashi 'yan kallo.

Ina da wani aboki, mutumin wani ƙauye a bayan Dauran, mai sayen gero da dawa a ƙauyuka yana kawowa kasuwa. Kujerar gaba tasa ce duk ranar da zai yi tafiya, ko wa ya riga shi zuwa. Shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rage wa mahaifiyarsa, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin baki, wadda nake kira Inna kamar yadda yake kiranta. Duk lokacin da na sauke shi a ƙofar gida sai ta leƙo ta yi mini tsiya, wai da mota tana haihuwa da tuni na sallami matata.

A tsakiyar daminar nan ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Kaura, yana tsaye kan buhunansa. Aka kwashe shi zuwa asibiti, washegari da hantsi rai ya yi halinsa. Na ce babu motar da za ta kai shi gida sai tawa. Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa tabarma muka sa shi, 'yan uwansa suka zauna gefensa. Kowa ya san ba a jinkirta gawa, mutanen ƙauye sun riga sun tafi haƙa kabari, so ake a sallace shi kafin la'asar. Na ba mota wuta yadda ban saba ba. Da muka bar kwalta sai muka tarar an tafka ruwa ta can gabas, rafin da ke gaban ƙauyen ya kawo, mashigin da kullum ruwansa bai wuce idon sawu ba ya kai cinya. Zagaye zai kai mu magariba. Na yi bisimilla na tsunduma, ruwa yana dukan ƙofofi, mota tana tururi, Allah ya sa muka haye. An rufe shi a kan lokaci. Ko yau aka maimaita, haka zan yi.

Ba a jima da sadakar bakwai ba kukan ya fara. Na ɗauko lodi zuwa Shinkafi, mun miƙe kan kwalta, na taka totur, sai na ji wata siririyar ƙara ta taso, "wiiiii," tana ƙara tsini yadda gudu ke ƙaruwa. Na ɗaga ƙafa, ta ɗauke ɗif. Na sake takawa, ta dawo. Wata mata daga baya ta ce, "Direba, jinjiri kaɓ ɓoye cikin but?" Aka yi dariya, har da ni.

Da abin ya tsaya a dariya da an huta. Amma a tasharmu akwai wani ɗan kamasho da bakinsa ba ya ajiye komai. Shi ya fara cewa, "Ba wagga mota taɗ ɗauko gawar wane ba?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta yi ƙafa, wai mamacin ne ke kuka a cikin motar. Wasu suka ce sun ji ana kiran suna a cikin ƙarar, wata kuma ta rantse ta ji shessheƙa. Na ci kwalar ɗan kamashon nan sai da aka raba mu, na zagi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, amma duk faɗan da na yi ƙara wa maganar gudu ya yi.

Na shiga zagaye garejin Kaura. Makanikanmu ba baya ba ne, mutane ne da na daɗe ina kai wa aiki, kuma kowa ya yi iya yinsa. Wani ya ce fanbel ne ya bushe, aka canza. Wani ya ce boris ɗin altaneta ne, wato zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke sa abu ya juya sumul, aka kwance aka sa sabo. Wani ya zuba wa giyabos sabon mai. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, in mota tana tsaye, ka taka totur har inji ya yi kamar zai tashi sama, ba ka jin komai sai lafiyayyen rurinsa. Sai ta hau hanya da nauyi a kanta take kukan. A hanyar kuma, wanda ya zauna gaba zai rantse daga baya ƙarar take zuwa, wanda ya zauna baya ya rantse daga gaba take. Duk gyaran da aka yi bai ci ba sai masu magana su ƙara gyara zama. Ba zan ɓoye ba, ni kaina tsoro ya fara kama ni. In na fito ni kaɗai nakan tsinci kaina ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina kauce wa kallon kujerar gaba.

Ana cikin haka Inna ta aiko a kira ni.

Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, saura kaɗan in kasa gane ta. Ta zube, idanu sun faɗa, bakin nan mai tsiya ya mutu. Ƙanwar marigayin ta ja ni gefe ta ce tun da labarin motar ya iso ƙauyen Inna ba ta sa komai a bakinta sai ruwa, in an matsa mata ta kurɓi kunu ta ture kwanon. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ɗiyana, ɗauke ni cikin motag ga. So nikai in ji da kunnena."

"Inna, ƙarhe na. Wallahi ƙarhe na, mutane dai ka son magana."

"In ƙarhe na, mi ah hana a gyara shi?"

Ƙanwar ta kama ta ta zaunar da ita a baya, muka fita har inda hanya ta yi shimfiɗa. Na so in lallaɓa don kada ƙarar ta taso, sai ta ce, "Taka ta yadda ka saba." Na taka. Kukan ya taso siriri, ya yi ta hawa. A madubi na ga ta rufe ido. Da na tsaya, sai ta buɗe ido.

"Shi na," in ji ta. "Randa zai tahi kasuwa da zazzaɓi yat tashi. Nac ce mai shi kwanta, yac ce shina da alkawali da mutane. Raina yaɓ ɓaci, nac ce, in kat tahi ban yahe ba. Yay yi dariya yat tahi. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Tun randa kak kawo shi nika cewa na yahe, na yahe, sahe da marece. Da an karɓa, da ya yi shiru."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin bakin uwa, kuma na san Inna ba da zuciya ɗaya ta faɗi maganar nan ba, irin faɗan da uwa ke yi ne don tana tsoron abin da zai sami ɗanta. Limamin ƙauyen ya riga ya zo ya gaya mata cewa mamaci ba ya dawowa ya yi kuka a mota, babu wannan a addini, kuma yafewarta ta isa tun furucin farko. Ta ce ta ji, amma ta san lallashinta ake yi. Ga tsohuwa tana kashe kanta da yunwa a kan ƙarar da na kasa gano tushenta. Na yi tunanin in aiko mata da saƙo cewa kukan ya daina, amma na san cewa za ta yi a zo a ɗauke ta ta ji. Na yi tunanin sayar da motar can nesa, sai na ga a wurinta kamar na kori ɗanta ne da kukansa zuwa inda ba za ta ƙara jin labarinsa ba. Dole dai a gano abin a kashe shi tun tana da sauran numfashi.

Wani dattijon direba a tashar Shinkafi, da ya ga yadda na fita hayyacina, ya ce in kai ta wurin kurman da ke bayan kasuwar dabbobi. Na dube shi sheƙeƙe.

"Baba, da girmanka? Kuka nika nema, ka aike ni wurin wanda ba shi ji?"

"Masu ji sun gwada," in ji shi. "Tahi dai."

Na tafi ina ƙunƙuni, don ba ni da wani wurin zuwa. Garejin nasa inuwar wani dogonyaro ce, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da kututturan itace da yake ɗora mota a kansu. Mutum ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Daga baya na ji cewa sai da ya gama koyon aiki har ya yi aure sannan sanƙarau ya kama shi, ya tashi da ransa amma kunnuwa sun tafi. Don haka yana magana, sai dai da ƙarfi, murya a miƙe babu hawa babu sauka, kai kuma ka ba shi amsa da hannu. Na nuna masa motar, na nuna kunnena, na kwaikwayi taka totur da tafin hannu, na yamutsa fuska. Ya gyaɗa kai. Labarin gawa kuwa ban san yadda zan faɗe shi da hannu ba, sai na bar shi a cikina.

Ya sa na tayar da inji, ya buɗe bonet. Bai tsaya leƙe-leƙe ba. Tafin hannunsa ya ɗora a kan inji, ya ɗaga yatsa alamar in ba ta wuta, ya lumshe ido. Ya matsar da hannun kan altaneta, ya matsar da shi kan famfon ruwa, ko'ina ya ɗan dakata kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sai ya rufe bonet.

"Gaba lahiya lau!" ya faɗa da ƙarfi, har wasu masu jan awaki suka waigo. "Da kaya taka yi ko wayam?"

Na kwaikwayi mutum mai ɗauke da nauyi. Nan take muka loda kututturansa da wasu tsofaffin ƙarafa a bayan motar. Kafin ya shiga ya tuɓe takalmansa ya bar su a gindin bishiya. Ya zauna a kujerar gaba, wadda na kwana biyu ban bar kowa ya zauna ba, ya ɗage shimfiɗar roba, ya dasa tafin ƙafafunsa a kan ƙarfen motar, hannu ɗaya a kan sandar giya. Muka hau kwalta. Ya daki gwiwata, na taka. Kukan ya cika motar, ni tsigar jikina tana tashi, shi ko gezau. Ya ɗaga hannu, na saki. Ya sa na canza giya na sake takawa. Ya sa na yi ta karkata hagu da dama kamar ɗan maye. Daga baya ya gaya mini boris ɗin ƙafa yake nema, domin shi in nauyi ya koma gefe guda rawarsa kan canza. Ya saki sandar giya ya girgiza kai. Mota tana tafiya ya haura kujerar tsakiya ya sake dasa ƙafa, daga nan ya haura can baya, ya ture kututturan, ya kwanta rub da ciki, ya manna kuncinsa da tafin hannu ɗaya a ƙasan motar.

Abin da na gani a madubi daga nan shi ne har yau in na tuna nake jin wani abu yana bi mini baya. Ba na ganin jikinsa, ɗaya hannun kawai nake hangowa ta saman kujera. Ina taka totur, kukan yana tasowa, sai hannun ya fara ɗagawa, yana hawa yadda ƙarar ke hawa. Ina sakin totur hannun ya faɗi, daidai da ɗaukewar ƙarar, ko ƙiftawar ido babu tsakaninsu. Halina na gardama ya motsa, na ce bari in gwada shi. Na danne kuloci na ba inji wuta, inji ya yi ruri mota duk tana rawa, amma babu kukan. Hannun bai motsa ba. Na saki kuloci na taka, kukan ya dawo, hannun ya tashi tare da shi. Mutumin da ko aradu ta faɗi a bayansa ba zai waiga ba, ga shi yana zana mini kukan motata a iska. Na kama salati.

"Tsaya!" ya ƙwalla daga baya. "Ga ta nan ƙarƙashin cikina!"

Muka koma gindin dogonyaro. Ya tokare ƙafafun gaba da duwatsu, ya ɗaga bayan motar da jak ya ɗora ta a kan kututture, ya sa na shiga na sa giya, ƙafafun baya suna juyawa a iska. Ya ɗauko wani dogon ƙarfe siriri, ya ciji ƙarshensa ɗaya da haƙoran gefe, ya kwanta. Na leƙo ta ƙofa ina kallo. Ya ɗora ɗaya ƙarshen kusa da ƙafar hagu, ya ɗora kusa da ta dama, sannan ya kai kan aksul, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, wadda farfela, doguwar sandar nan da ke juyawa ƙarƙashin mota, ke kawo wa ƙarfin inji ita kuma ta raba musu. Yana taɓa bakinta, daidai inda farfela ke shiga, ya fizge ƙarfen daga bakinsa, ya tofar da yawu yana shafa muƙamuƙi.

Ya sa na kashe mota, ya tura wani tsohon kwano ƙarƙashi, ya kwance notin da ke gindin tukunyar. Man aksul da na sani mai duhu ne, mai kauri. Abin da ya zubo fari-fari ne, tsululu, kamar kokon da ya kwana. Ya dangwala ya murza tsakanin yatsunsa, ya fito rana ya nuna mini, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli.

"Ka shiga ruwa da ita!" in ji shi, yana nuna ni da yatsan. "Ruwa mai zurhi! Kuma da zahinta kash shiga, gudu kay yi kahin nan!"

Na zauna a kan wani kututture. Bawan Allahn nan bai san ni ba, bai san abokina ba, bai taɓa taka ƙauyen ba, amma ya karanto mini ranar jana'iza daga cikin tsohon kwano kamar da shi muka haye rafin. Shi kuwa bai lura da halin da nake ciki ba, bayani kawai yake yi. Ya nuna mini wani ɗan hanci a saman tukunyar inda take numfashi. In ta yi zafi aka tsoma ta a ruwan sanyi, zuƙe ruwan take yi ta nan. Ruwa da yashi suka kashe man, boris ɗin da ke riƙe da ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa ya yi ta cin kansa. Shi ya sa sai an taka, ƙarfin inji ya danne shi, yake kuka, in an saki ya huta. Ƙarar kuma takan bi farfela da jikin mota ta watsu ko'ina.

"Ku masu kunne zagaya ku takai!" ya ce yana dariya. "Ni sai ta zo hannuna!"

Yini guda da safiyar washegari ya yi a kanta. Ya sauke aksul ya wanke cikinsa da kananzir, Allah ya sa haƙoran ba su ci ba. Muka samo sabon boris da sabon sil mai hana mai yoyo a wurin masu kayan mota. Wajen haɗawa ya kwaɓa bular wanki da giris ya shafa wa haƙoran, ya juya su ya duba inda shuɗin ya goge, ya kwance ya gyara ya sake juyawa, har sai da alamar ta zauna a tsakiyar haƙori. Babban notin kuwa kaɗan-kaɗan yake ɗaure shi, yana juya farfela da hannu ido a rufe. Ya ɗura sabon mai har ya tumbatso ta ƙofar gefe.

Ashe al'adarsa ce ba ya sallamar mota sai ya bi ta tafiyarta ta farko. Na nuna masa da hannu cewa da nisa inda za ni, ya ce mu je. Na ɗura gurɓataccen man a kwalba, na sa tsohon boris a aljihu. Tun daga Shinkafi nake takawa ina saurare, ba na jin komai sai iska da tayoyi. Da muka iso rafin, ruwa ya janye sosai, amma sai da ya sa na tsaya muka zauna a inuwa motar ta huce kafin mu haye.

Aka fito da Inna zaure, ana riƙe da ita. Ta ƙara lalacewa. Na ajiye kwalbar da boris a gabanta, na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurare ni har na gama.

"Kun haɗa baki da liman," in ji ta. Sai ta juya ga baƙon da ke tsugune a bakin ƙofa. "Kai bawan Allah, tsakaninka da Ubangijinka, mi anka ce ka zo ka hwaɗa man?"

Ya yi mata murmushi, ya dube ni.

"Inna, ba shi ji. Kurma na."

"Kurma? Shi yag gyara kuka?"

"Shi na, Inna."

"Bai ji abin da mutane ka cewa ba?"

"Bai ji ba. Ko sunan ɗiyanki bai sani ba. Kukan ma bai taɓa jin shi ba."

Ta zuba masa ido. Shi kuma da ya ga tsohuwa tana kallonsa tana kallon boris, sai ya ɗauka ita ce mai motar, aikinsa take shakka. Ya laluba aljihu ya fito da wani lafiyayyen boris, ya ajiye shi kusa da tsohon a kan tabarma.

"Inna, sa yatsa ki juya! Wanga, sannan wanga!"

Ta ɗauki lafiyayyen ta juya, ya tafi sumul. Ta ɗauki namu ta juya, ya yi ƙarar-ƙarar ya cije. Ta sake juyawa, ta kuma sakewa. Mace ce da ta ƙare rayuwarta a kan dutsen niƙa, ba sai an gaya mata abin da hannunta ke ji ba.

"Tsakuwa ta shiga," ta faɗa a hankali.

"Ruwa tas sha, Inna!" in ji shi, bai san ta yi magana ba. "Ruwa da rairai! Wani rahi yaƙ ƙetara da ita da gudu!" Ya nuna ni kamar mai kai ƙara.

Inna ta ɗago ta dube ni. "Randa kak kawo shi?"

"Rannan na, Inna."

Ta ce a sa ta a mota. Kurman ya zauna gaba, ita da ƙanwar marigayin a baya. Muka kai inda hanya ta yi shimfiɗa, ta ce in taka, na taka. Shiru. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ta karkata kai tana saurare, ta sake cewa in ƙara, na ba motar nan wuta har gonakin gero suna wucewa kamar ana jan su. Babu komai sai iska. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ashe ɗiyana bai yi kuka ba."

Ta sake faɗa, sannan ta fashe da kuka, kukan da ƙanwar ta ce mini ba ta yi irinsa ba tun ranar da aka fita da shi. Na tsaya a gefen hanya, ni ma hawaye sun rufe mini ido. Kurman ya waiga ya ga duk motar ana kuka, hankalinsa ya tashi, ya manna tafinsa a ƙasan mota.

"Mi ya hwaru? Ba ta gyaru ba?"

Inna ta yi wata dariya a tsakiyar kukan, tana share fuska da bakin gyale. "Ce mai ta gyaru," in ji ta.

Muna komawa gida, tun ba a gama zaunar da ita ba, ta tambayi 'yarta ko akwai sauran tuwo. Ta ce a fara ba baƙo, sannan ta ci nata a gabanmu, loma ƙanana, har ta suɗe yatsu. Ta yi shekaru bayan nan a duniya.

A hanyar komawa Shinkafi na yi ƙoƙarin ba shi labarin da hannu. Na nuna kujerar da yake zaune, na kwantar da kai a tafin hannu na rufe ido, na nuna baya inda muka bar tsohuwar, na nuna baki na girgiza kai. Ya daɗe yana kallona. Ban san iyakar abin da ya fahimta ba, na dai ga ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a ya shafa. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ka riƙa duba man aksul duk bayan damana!"

Ina dubawa har na ajiye tuƙi. Amma abin da na ɗauka daga wurinsa ya wuce mota. Mu duka masu kunne ƙara guda muka ji, kowa ya cusa mata abin da ke cikin ransa, ni tsorona, Inna nadamarta, saura kaɗan mu binne tsohuwa saboda ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Allah da ya karɓe wa bawansa ji, shi ya ajiye a hannunsa abin da duk kunnuwan tasharmu suka kasa, kuma har gobe ina jinjina wannan iko. Tun daga ranar, in na ji abin da ya tayar mini da hankali, a mota ne ko a bakin mutane, ba na saurin ba shi ma'ana. Nakan bi shi har inda yake fitowa, in taɓa shi da hannuna, sannan in yi magana.